Zauren da ba shi da allo a birnin Zariya: allurarsu ta fi burushinsu

Tun ranar da na sa hotunan sunan ɗiyar ƙanena a Facebook ban huta ba. Ba jaririyar ake tambaya ba, baiwar Allah, rigar da ke jikina ake tambaya. Wa ya yi miki aikin nan, nawa ne, a Kano ne ko daga Senegal aka kawo? Na gaji da amsa wa mutum ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, da daɗin da rashin daɗin. Domin rigar da kuke yabon nan gyaran ɓarna ce, ba haka aka nufa da ita tun farko ba.

Ni ba tela ba ce, malamar makaranta ce a Kaduna. Amma keken Butterfly ɗin da Innarmu ta bar mini yana nan a kusurwar ɗaki, da shi nake haɗa dogayen rigunana da na yara. Yanka da haɗi ba su gagare ni ba. Aiki ne ya gagare ni. Na sha ɗaukar allura in ce yau sai na yi wa wuyan riga sarƙa, in yi taƙi guda, in ga layin ya karkace kamar hanyar tururuwa, in warware in haƙura. Shekara da shekaru masu aikin kwamfuta nake kai wa a nan Kaduna. Kwana biyu sun gama, kuɗinsu da sauƙi, fure ɗari duk kai ɗaya. Sai dai in kin juya rigar za ki tarar da farar takardar nan manne a baya tana kartar fata, sannan ki je biki ki haɗu da mata uku masu irin furenki sak.

Wata abokiyar aikina 'yar Zariya ce ta yi mini kwatancen wurin da aka yi mini aikin rigar nan da hannu. Ba zan faɗi sunan kowa ba, tunda zan faɗi laifinsu kuma ban nemi izininsu ba. Shagon ma ba shi da suna balle allo. Daga Kawo na hau mota, tafiyar wajen kilomita 80, na sauka a Ƙofar Doka, na shiga keke zuwa cikin birni, muka wuce Babban Dodo, daga nan kuma sai ƙafa da tambaya. Zaure ne na tsohon gidan ƙasa aka mayar wurin aiki: tabarma biyu, benci ɗaya, tebur a bakin ƙofa inda haske yake, da igiya da aka rataye rigunan da aka gama a cikin leda. Mutum uku ne ke riƙe da shi. Hajiya, mai karɓar aiki da yin ciniki, ita ke rarraba ɗinkin ga matan da ke cikin gidajen unguwar. Sai wani dattijo, ƙanin mahaifinta, kowa Baba yake ce masa, shi ke zayyana. Sai 'yar Hajiya, budurwa da ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba, ita ce mai fenti.

Kaya uku na kai musu, kuma da wanda ya fi mini nauyi a zuciya zan fara.

Babbar rigar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Ya yi aiki a masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957 aka rufe ta a 2002. Mutumin da yake wuni cikin ƙarar injinan saƙa, yadi na fita gabansa kamar ruwa, amma da ya tashi sayen rigar Sallah ta kece raini a zamanin Shagari, sai ya sayi saƙi, saƙar hannu, mai aska biyu. Bayan rasuwarsa ta faɗo a rabona. Ta daɗe a ƙasan akwati, asu ya taɓa ta wuri biyu, linzamin, wato aikin bakin wuyan, ya cinye, bakin aljihun ya yage. So nake babban ɗana ya sa ta.

Baba bai ce komai ba da na miƙa masa. Ya shimfiɗa ta a tabarma, ya bi ƙwaryoyin saƙar da yatsa, waɗannan siraran ƙyallayen da ake haɗawa gefe da gefe har su zama riga. Ya juya ta, ya ɗaga aikin sama yana duba shi ta hasken ƙofa. Can ya ce, "Rigan nan ya ga duniya." Ni kuwa Bakanuwa ce ta wajen uwa, bakina bai iya shiru a gaban Bazazzagi ba. Na ce, "Baba, riga ai mace ce." Bai ko ɗago ba ya ce, "A Kano ne yake mace, 'yata." Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan muka saba.

Shi ya nuna mini abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Askar nan biyu masu tsini da suka sauko ta gefen aljihu a hagu, tambarin da ya naɗe kamar gammo a ƙirjin dama, da ɗan'uwansa a baya. Ya ce in matso in duba cikon da ke jikin aljihun. Ni a da na ɗauka saƙa ce kawai. Ashe ƙananan huji ne, ɗaya bayan ɗaya, kowanne an zagaye bakinsa da zare, jere kamar saƙar zuma. Zaren kuma tsamiya ne na gaske, ba auduga ba. Wata tsutsa ce ke yin sheƙarta a jikin itatuwa, har da itacen tsamiya, a ɗebo sheƙar a dafa da toka, a wanke, mata su kaɗa ta da mazari. Shi ya sa launinsa ba fari ba ne, kamar madarar da aka ɗiga wa shayi yake, kuma ba ya ƙyalli irin na silikin kanti. Sai ya karya mini wani alfahari. Shekaru ina gaya wa mutane jan shafin da ke cikin rigar alharini ne, wato jan silikin nan na da. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce a'a, yadin kanti ne mai kyau dai. Alharini na ainihi, in ji shi, ayarin Sahara ne ke kawo shi daga Tarabulus ta Gadamus zuwa Kano, kuma wannan fatauci ya mutu tun kafin a haifi mai rigar. Na ji kunya kaɗan, amma a nan na yarda da shi. Wani da sai ya ce e, alharini ne, ya ƙara mini kuɗi.

Na ce a sa sabon zare fari a linzamin. Ya ƙi. Ya ce zai fito kamar haƙorin roba a bakin tsoho. Ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, ya fito da ragowar tsamiya a dunƙule, ya ɗora a kan aikin yana gwada launi. Da hannunsa ya yi gyaran, bai ba kowa ba. Wuraren da asu ya ci ya toshe su ta ciki da ƙyallen da ya yanko daga cikin naɗin ƙasan rigar, inda ido ba ya kaiwa. Naira 18,000 na biya. Da na karɓa na nemi inda aka gyara a bakin aljihun, sai da ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Da tsohuwar zuma ake magani, wannan kam na shaida. Idan kuna da tsohuwar riga ta gado a akwati, kada ku bari mai keke ya taɓa ta.

Na biyu doguwar riga ce ta farar auduga da na ɗinka wa autata. A kanta na fara ganin aikin fenti, kuma na zauna aka yi a gabana. 'Yar Hajiya ta fara tambayata ko na wanke yadin. Na ce na wanke kafin in yanka, haka Innarmu ta koya mini saboda kada ya tsuke daga baya. Ta ce madalla, sitacin kamfani ne ke hana fenti kama zare. Ta zura kwali a cikin rigar don kada launi ya ratsa zuwa baya, ta kafe da fil, ta zana ganyen zogale da alli, reshe ɗaya daga kafaɗa ya gangaro zuwa ƙugu. Fentin a ƙananan kwalabe yake, irin wanda ake sirkawa da ruwa, ta ce a Samaru take sayowa, wajen masu sayar wa ɗaliban zane na ABU kaya. Ba ta lafta shi ba. Shafa ɗaya siririya, ta bari ya sha iska, ta ƙara ta biyu. Ganyen wani ya fi wani duhu, da gangan, kamar yadda yake a bishiya. Ta ce sai ya kwana ya wuni, sannan a juya rigar a goge ta baya da dutsen guga mai zafi na 'yan mintoci, ba tare da yayyafa ruwa ba. Zafin nan shi ke ɗaure fentin da yadi. Ranar babu wuta a unguwar, na ga dutsen gawayi a ajiye, ta ce da shi take yi kuma ya fi riƙe zafi. Bayan nan aka shigar da rigar cikin gida, aka bi gefen kowane ganye da sarƙa da koren zare mai duhu.

Wannan haɗin ya yi kyau ƙwarai. Fentin ya cike fili cikin awa biyu, abin da allura za ta yi sati tana ciko, zaren kuma ya ba shi iyaka da tudu, ya rufe inda burushi ya ɗan zarce. Naira 12,000 duka. An wanke rigar ya fi sau takwas, a juye, da hannu, a shanya a inuwa. Koren ya ɗan lafa, amma bai fashe ba, bai zuba ba. Yarinya har ta fara fin ƙarfin rigar, ganyen na nan.

Daɗin wannan ne ya ja ni ga kuskure.

Bikin ƙanena ya matso, na sayi shadda ruwan toka a Kantin Kwari. Ba Getzner ba ce, ni ina na ga kuɗin shaddar Ostiriya, amma tana da ƙyalli da ƙamshinta daidai gwargwado. Na ɗinka bubu mai faɗi. Na so a yi mini aikin hannu a wuya da gaba, Hajiya ta ce ba zai samu ba cikin sati uku. Sai na ce to a yi da fenti ruwan gwal, manyan furanni daga wuya zuwa cibiya. Yarinyar ta ce, "Anti, an wanke?" Na ce wa zai wanke sabuwar shadda kafin biki, ƙyallin fa? Ta yi ɗan jim, ta kalli uwarta, uwar ta ce ai zai yi. Shi ke nan maganar ta wuce.

A nan nake ganin laifinsu. Ni na dage, ban musa ba. Amma ni ban san abin da zai biyo baya ba, su sun sani, ko aƙalla yarinyar ta sani, na ga hakan a fuskarta. Ƙyallin shadda ba daga zaren kaɗai yake ba, gyara ne da matsa da ake yi wa fuskar yadin har ta yi santsi, fenti kuwa so yake ya shiga cikin zare ya riƙe. A kan santsi zama kawai yake yi kamar ɓawo. Ga shi ruwan gwal ba ya fitowa a kan launi mai duhu sai an yi masa kauri. Kalma biyu za ta gaya mini in fasa. Baba da ya ƙi sa mini farin zare ai bai rasa cinikina ba.

Ranar da na karɓa, gaskiya ta yi kyau, ana ɗaga ta tana walƙiya. Ranar kamu tun kafin magariba na ji gaban rigar ya yi tauri kamar na rataya faranti. Inda mayafi ke gogawa a kafaɗa ya fara tsagewa. Da aka wanke ta bayan biki, wanki ɗaya da ruwan sanyi, furannin suka riƙa tashi kamar ɓawon gyaɗa, wani wurin ya fita tas, wani wurin ya bar tabo. Naira 15,000 na fenti, ga kuɗin shadda, ga daren da na raba ina ɗinki. Araha ba ta ado, na gaya wa kaina, ko da yake wannan ba ma arahar ba ce, gaggawa ce.

Na kira waya kwana uku ba a ɗauka ba. Wannan ma ku sani: wayar Hajiya ado ce. Na hau mota da fushina na koma, na shirya maganganu tun daga Maraban Jos. Ban samu damar faɗin ko ɗaya ba. Ta buɗe rigar, ta duba, ta ce, "Malama, mun ɓata miki kaya. Ni na ce zai yi." Ba ta ɗora wa 'yarta ba, ba ta ce wankina ne ba. Baba ya karɓa, ya kankare ragowar fentin da bayan almakashi a hankali, ya ce a jiƙa ta a wanke sosai a kawo masa. Ya ce tabon ba zai fita ba, amma za a iya binne shi. Aikin da za ta yi a naira 30,000, Hajiya ta ce in kawo rabi, ta cire kuɗin fentin da na yi asara.

Da na dawo bayan sati biyu ya riga ya zayyana. Da alƙalamin kara da tawada ya yi, irin na makarantar allo, babu takarda babu ma'auni. Bai bi furannin yarinyar ba. Ya dubi inda tabon yake ya gina zanensa a kai: dagi a tsakiyar ƙirji inda ɓarnar ta fi yawa, askake sirara suna saukowa gefe da gefe, ƙananan tambura a inda furannin gefe suka bar shaida. Na ce, Baba, wannan ai aikin rigar maza ne. Ya ce da can ma ɗinkin kansa aikin maza ne, malamai da almajirai ke yi a zaure da gindin bishiya, yanzu ga shi mata sun karɓe allurar tunda samari suka koma keke da inji. In mata za su ɗinka aska, me zai hana su sa ta?

Na roƙi Hajiya ta kai ni in ga mai ɗinkin. Ta ɗan yi nauyin jiki, ina jin tsoron kada in zagaye ta ne nan gaba, amma ta kai ni. Gida na uku a lungun. Matar tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ƙafa a miƙe, goyo na barci a gefe, tukunya na kan murhu. Rigata na kan cinyarta, ta lulluɓe inda ta gama da tsohon zane saboda ƙura da hannun yara. Ba ta amfani da zoben katakon nan da ake ɗame yadi. Yatsun hagu ne ke ɗame wurin, na dama na kai allura, tana huda tana zagayewa tana ja, idonta rabi a kan aikin rabi a kan tukunya. Na ƙirga, kafin in gama gaishe ta da tambayar yara ta yi huji shida. Na juya gefen da ta gama. Babu ƙulli ko ɗaya da ya fito, duk bakin zaren ta cusa shi ƙarƙashin ɗinki. Ta ce da safe bayan ta sallami 'yan makaranta take yi, da kuma bayan azahar, da dare ba ta taɓa shadda mai duhu saboda ido.

A nan na gane abin da ya sa alkawarinsu ba ya cika. Sati huɗu aka ce mini, sai da aka yi tara. A ciki goyon nan ya yi zazzaɓi, an yi rasuwa a unguwar, zaren ya ƙare aka jira mai zuwa Kano. Ba ina wanke su ba ne. Hajiya ta san duk wannan na faruwa, kamata ya yi ta ce wata biyu tun farko maimakon ta riƙa cewa jibi. Na kuma tambayi matar abin da ake ba ta, a hankali, da Hajiya ta fita amsa sallama. Bai kai rabin kuɗin aikin ba. Na san akwai zare, akwai zayyana, akwai mai bugu da za a biya, kuma Hajiya ce ke ɗaukar asara in aiki ya ɓaci, kamar yadda ta ɗauki tawa. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai. Na damƙa mata abin da ya sawwaƙa a hannunta. Idan kun je, ku nemi ganin mai ɗinkin, ku yi mata ihsani ba sai ta hannun kowa ba.

Rigar da kuka gani a hoto ke nan. Ƙyallin shaddar ya ragu saboda wanki, bugu ya dawo da wani abu daga ciki. In kin matso sosai, a ƙarƙashin dagin ta hagu, akwai ɗigon gwal ɗaya da ya leƙo tsakanin zare. Ni kaɗai na san wurin, sai ku yanzu.

Ga mai niyyar zuwa: aikin allura da gyaran tsohuwar riga, ku kai ido rufe, ban ga kamarsu ba. Fenti kuwa a kan auduga ko lilin da aka wanke kawai, siriri, kuma a bi shi da zare. Kada ku yarda a sa muku shi a sabuwar shadda ko yadi mai santsi ko da an ce zai yi, kada kuma a kai abin da aka yi wa fenti wajen masu bugu. Ku tambaya ko an goge shi da zafi kafin ku karɓa. Yarinyar tana da hannu da ido, abin da ya rage mata ta iya cewa a'a, ko ga abokin ciniki ko ga uwarta. Ba sa ba da rasit, a wani littafin makaranta Hajiya ke rubutawa, don haka ku ɗauki hoton shafin da na kayanku. Kafin alƙalami rabi ne, suna karɓar tiransifa. Ku tafi da ruwan shanku, kuma in da hali ku je da safe, lokacin Baba yana nan da kuzarinsa, domin bayan azahar ba a cika samunsa ba.

Satin da ya wuce na sake kai musu kaftanin maigidan da na ɗinka, farin lilin, aikin wuya da aljihu kawai, babu fenti. Na ce wa Hajiya don Allah wannan karon ta faɗa mini gaskiyar rana. Ta buɗe littafinta, ta yi lissafi da yatsu, ta ce in sha Allahu kafin Sallah. Sai da na zauna a mota a Ƙofar Doka na tuna ban tambaye ta wacce Sallar ba.